Yadda Na Sa wa Ɗan Koriya Muryar Mawaƙin Garinmu

Edita, ina gaisuwa tare da masu karatu. A shekarun da zan ba da labarinsu ni saurayi ne mai baki, irin wanda in ya shigo majalisa kowa zai gyara zama don ya san yau akwai dariya. Haifaffen Gwandu ne ni, amma neman abinci ya kai ni Kalgo, inda ni da wani abokina muka kama ɗan shago muna cajin waya da tura wa mutane fina-finai a memori. Karatu bai karɓe ni ba, sai dai Allah ya ba ni abu guda: in na ji mutum ya yi magana sau ɗaya ko biyu, to na ɗauke muryarsa, har tarinsa da yadda yake jan numfashi. Da wannan baiwar muka shiga fassarar fim. Abokina shi ya yi makaranta, shi ke karanta rubutun Turancin da ke bi ta ƙasan allo ya gaya mini abin da ake ciki, ni kuma in zauna gaban makirfo in yi muryar kowa, namiji da mace, yaro da tsoho. Ba mu kai manyan masu fassara na birni ba, amma daga Kalgo har ƙauyukan Gwandu an san mu, domin da harshen gida muke yi. Ɗan Koriya ya buɗe baki ka ji ya ce “mi na na?”, ai dole mutum ya dara. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura ƙwarai a lokacin.

Wata rana da bazara abokina ya sauko da wani fim ɗin Koriya da bai yi kama da waɗanda muka saba ba. Babu faɗa, babu takobi, babu saurayi mai kuɗi da ke bin yarinyar talaka. Labarin wasu makaɗa ne na irin kiɗan nan mai jita da ganguna masu ƙara, wanda ake ce wa rok. Sun yi tashe da ƙuruciya har ba a samun wurin tsayawa in za su yi wasa, sannan zamani ya wuce ya bar su. Sauran duk sun watse, kowa ya kama gabansa, saura mutum biyu: mawaƙin, wanda murya ta tafi amma girman kai bai tafi ba, da mai gangarsa, wani shiru-shiru mai tumbi da ke ɗaukar masa kaya yana bin sa daga wannan gidan abinci zuwa wancan, suna wasa a gaban mutanen da ko ɗaga kai ba sa yi. Abokina ya kalla shi kaɗai, ya fito ido jajir, ya ce mini wannan fim ba na wasa ba ne, ko dai mu yi shi yadda yake ko mu bar shi. Na ce masa mutanenmu ba kuka suke zuwa saya ba, wanda ke gida ya ishe su. Na ce ya gaya mini kan labarin kawai, sauran ya bar mini.

Ina ganin mawaƙin nan da furfurarsa da taƙamarsa sai wani mutum ya faɗo mini a rai. A ƙasarmu ta Gwandu akwai wani tsohon mawaƙin noma da ke zaune a Maruda. Ba zan faɗi sunansa ba, zan kira shi Maigida, domin da wannan sunan mai gangarsa ke kiransa. Muna yara, in aka ce Maigida zai je gayya, gari kan watse a bi shi gona. Kowane manomi yana da takensa, kuma in Maigida ya kira sunan mutum da na ubansa da na kakansa, ganga ta ɗauka, sai ka ga ƙato ya manta da gajiya yana tsaga ƙasa da garma kamar ba da jikinsa yake yi ba. Daga baya maganin feshi ya zo ya rage gayya, biki ya koma hannun ’yan dije masu kunna kiɗa a sifika, wa’azi kuma ya sa wasu suka daina kiran makaɗa ko da suna so. ’Yan amshinsa suka watse, wasu suka tafi kudu ci-rani ba su dawo ba, wasu suka kama kabukabu, wato haya da babur. Ido ma ya rufe masa. Mutum ɗaya ya rage tare da shi, mai gangarsa, wanda zan kira Baba mai ganga, mutumin Malisa, dogo siriri mai in’ina sosai. Duk ranar kasuwar Gwandu za ka gan su, Baba a gaba da ganga rataye a kafaɗa, Maigida a baya dafe da ɗaya kafaɗar. Su samu wuri kusa da ’yan albasa su zauna, Maigida yana ba da labarin manyan gonakin da ya yi wa waƙa, da mai sauraro da babu.

To, muryar wannan tsoho na ɗauka na sa wa ɗan Koriya. Ban ambaci suna ba, amma ba a buƙatar suna. Maigida yana da kirarin da yake buɗe waƙa da shi, ya ce shi ne hadarin gabas mai tashin malalaci. Duk inda mawaƙin fim ya hau dandali ya tarar da kujeru babu kowa, sai in yi wannan kirarin da muryar Maigida sak, in bi shi da tari, sannan in ƙara da cewa hadari ya zama iska, ko awaki ba su fake ba. Na sa shi yana roƙon ɓawon tuwo, na sa shi yana cika baki a gaban bango. Mai gangar fim kuma na ba shi in’inar Baba, har na ƙara mata gishiri, yadda kafin ya gama sallama an tashi kasuwa. Abokina ya zauna a gefe yana haɗa murya da hoto, fuskarsa babu walwala. Ni kuwa dariya nake yi har ina riƙe ciki, don na san na yi abin da za a daɗe ana maganarsa.

Haka kuwa aka yi. Ba mu taɓa fitar da fim ɗin da ya karɓu kamarsa ba. ’Yan makaranta, ’yan kabukabu, matan aure da ke aiko ƙannensu da waya, kowa shi yake nema, kuma wanda ya samu ya tura wa goma. Ba a jima ba labari ya iso mini cewa yara sun fara bin tsofaffin nan biyu a kasuwar Gwandu, wasu suna kiran hadarin gabas suna tarin ƙarya, wasu suna kwaikwayon in’ina. Da farko har daɗi na ji, na ce aikina ya isa gida kafin ni. Amma na lura da kaina ina kauce wa zuwa Gwandu ranar kasuwa, in na tashi gaida mahaifiyata sai in zaɓi wata rana daban. Ban tsaya na tambayi kaina dalili ba.

Wata safiya da hantsi ina zaune ina jera wayoyi a caji, sai inuwa ta rufe ƙofar shago. Na ɗaga kai na ga Baba mai ganga tsaye, babu ganga, sai zabuwa ɗaure a hammata. Na yi wuf na miƙe. Na duba bayansa ko akwai ’yan sanda ko samarin Maruda da sanduna, ban ga kowa ba sai ƙurar hanya a ƙafarsa. Mutumin da ban taɓa ganin ya bar Maigida ko na wuni ɗaya ba, yau ya shiga mota har Birnin Kebbi, ya sake wata zuwa Kalgo, yana tambaya da wannan bakin nasa har aka nuna masa inda muke. Ya yi sallama, ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mahaifiyata da sunan gidanmu, ya ce ya taɓa kaɗa wa kakana take. Sannan ya ajiye zabuwar a gabana ya ce tawa ce, ya zo roƙon alfarma. Ni da nake jiran zagi, sai na rasa inda zan sa idona. Abokina ne ya yi ta maza ya ba shi benci da ruwa.

Maganarsa ta ɗauki lokaci, kuma wannan ne karo na farko a rayuwata da na saurari in’inar mutum ba don in kwaikwaya ba. Ya ce Maigida ya daɗe ba shi da lafiya, abinci ma sai an yi da gaske yake ci. Ranar da yara suka fara kiran kirarinsa a kasuwa, ya matse kafaɗar Baba ya tambaye shi mene ne ya tuna wa yaran zamani da shi. Tarin da suke yi bai dame shi ba, ya ɗauka shaƙiyancin yara ne kawai. Sai Baba ya ce masa mutanen wata ƙasa mai nisa ne suka yi fim na wani babban mawaƙi, ’yan garinmu kuma da suka zo mai da shi Hausa suka ga babu muryar da ta dace da shi sai ta Maigida. Tun daga ranar tsoho ya miƙe. Ya fara cin tuwo, ya sa aka kira wanzami ya gyara masa gemu, kuma kullum sai ya tambaya yaushe za a kawo masa fim ɗin ya ji da kunnensa. Baba ya bi gida-gida a unguwarsu yana roƙon masu waya kada su kunna shi inda Maigida zai ji, ya daina kai shi kasuwa da sunan zafin rana, amma ya san abin ba zai ɗore ba, wata rana wani zai kunna. Ya ce mutumin nan ba shi da ido, ba shi da gona, ba shi da murya, sunansa kaɗai ya rage masa, in ya ji abin da aka yi da sunan to an gama da shi. Sai ya dube ni ya ce, “Ɗana, ni niy yi ƙarya. Kai ad da ikon maishe ta gaskiya.”

Abin da yake so shi ne in sake fassara fim ɗin, in bar muryar Maigida a bakin mawaƙin amma in cire wulaƙancin, yadda zai kai masa ya saurara. Na amsa tun kafin ya rufe baki, na ce har in’inar da na sa wa mai ganga zan cire, in ba shi murya mai kyau. Nan Baba ya girgiza kai da ƙarfi ya ce kul, ita kam in bar ta yadda take. Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya ce tun suna samari haka wasansu yake, Maigida ya yi waƙa a jinjina masa, shi kuma a tsokane shi a yi dariya, taro ya tashi kowa na murna. In Maigida ya ji fim daga farko har ƙarshe ba a yi wa mai ganga dariya ba, zai gane an taɓa wani abu. Ban da haka kuma, in ji shi, ya daɗe bai ji dariyar Maigida ba, yana so ya ji ta ko da a kansa za a yi. Na kalli mutumin nan da takalmin roba da rigar da ta sha rana. Ban san akwai irin waɗannan mutane a ƙasar da na taso ba.

Baba ya ƙi tafiya sai ya ga an fara. Muka rufe shago da rana tsaka, abin da ba mu taɓa yi ba, abokina ya ɗauko fim ɗin daga farko yana karanta mini magana bayan magana. A ranar ne na kalle shi, domin a karon farko surutuna ya hana ni gani. Ashe fim ne da ba a yawan magana a cikinsa. Ashe mawaƙin nan da na mai da wawa ya san muryarsa ta mutu, taƙamar ce kawai ke riƙe da shi a tsaye. Akwai wurin da suke wasa a wani gari na bakin teku, mawaƙin ya kai tsakiyar waƙar da ya yi suna da ita, baitin ya ɓace masa, ya tsaya baki buɗe a gaban jama’a. Kafin mutane su ankara, mai gangar ya saki sandar kiɗansa ta faɗi, ya bi ta da rarrafe a ƙarƙashin kujeru da wannan tumbin nasa, wuri ya kaure da dariya, kowa ya manta da mawaƙin har ya tuna baitinsa. A fassarar farko a nan na fi zuba iya shege. Yanzu da na ga fuskar mutumin lokacin da yake sakin sandar, na gane da gangan ya yi, sai na sa aka tsayar da ɗauka har na dawo daidai.

Baba yana kan benci ya zuba wa allo ido, bai san ko kalma ɗaya ta Koriya ba, amma da aka zo wurin sai ya yi wata ’yar dariya ya ce ashe can ma ana yi. Muka tambaye shi, ya ba mu labarin wata babbar gayya a gonar wani sarkin noma, inda Maigida ya zo kiran kakan mai gona sunan ya kuɓuce masa, abin da in ya faru an ci mutuncin gida, kuma ba za a sake gayyatar mawaƙin ba. Baba ya ga bakin Maigida ya tsaya, sai ya harɗe ƙafa ya zube tsakanin kunyoyin gona shi da ganga, ƙafafu a sama. Gona ta ɗauki dariya, kafin a tashe shi wani ɗan amshi ya raɗa wa Maigida sunan. Ya ce tun daga ranar ake ce masa mai faɗuwa ba a ture shi ba, har yau tsofaffin Malisa da sunan suke tsokanarsa. Ya ba da labarin kamar wanda ke faɗin yadda ya sayi goro, ya miƙe ya ce zai kama mota kada Maigida ya neme shi ya rasa.

Ranar Juma’a da ta biyo baya na ɗauki fim ɗin a waya da ’yar sifika na tafi Maruda. An fara samun yayyafi, ƙasa na ƙamshi, mutane na gyaran gona. Bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa tabarmi a inuwar dogonyaron da ke ƙofar gidan. Baba ya fito da Maigida, an sa masa tsohuwar babbar rigarsa ta wasa wadda aikin wuyanta ya koɗe, ya sha turare, an ajiye ganga a gefe don ado. Maƙwabta suka taru, kuma na ga a idon wasu sun kalli wancan na farko, sun san ko ni wane ne. Da aka ce masa ga yaron da ya yi aikin, Maigida ya laluba ya kama hannuna da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba. Ya sa mini albarka, ya ce ya ɗauka ’yan zamani sun binne shi da rai, ashe akwai ɗan halak a cikinsu. Da a ce mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na sunkuyar da kai na ce amin, na kunna.

Maigida ya saurara da kai a karkace, Baba na gefensa yana gaya masa abin da ke faruwa a hoto da ’yan kalmomi. Da ya ji kirarinsa ya fito daga sifika sai ya gyara zama, ya ɗaga gemu, ya ce wanga yaro ya iya, amma shi yakan ja “gabas” ɗin fiye da haka. Inda mawaƙin fim ya yi fushi da masu cin abinci da ba sa saurare, ya ce daidai ne, waƙa ba miya ba ce. Inda abokan mawaƙin suka watse, sai ya dinga murza gefen riga. Komai na tafiya yadda Baba ya tsara, har aka zo wurin da mai ganga zai yi doguwar magana, in’inar da na zuba ta fara fita. Maƙwabta suka kwashe da dariya, Baba ma ya taya su har da tafi yana leƙen fuskar Maigida. Maigida bai yi dariya ba. Ya ɗaga hannu ya ce a kashe.

Na kashe. Ya juyo da fuskarsa daidai inda nake kamar yana ganina, ya tambaya wa ya ba ni bakin wannan mutumin. Baba ya yi saurin shiga, yana ta kokawa da kalmomi, ya ce shi ya ce a bari, ai wasa ne, ai haka suka saba. Maigida ya ce ya sani, babu wanda zai ce a bari sai shi. Sannan ya yi magana a hankali, ba da muryar kasuwa ba. Ya ce lokacin da yake da ido ana yi wa Baba dariya yana kallon taro, bai taɓa juyawa ya kalli mai gangar ba. Yau da babu taro a gabansa, kunne kawai gare shi, ya ji yadda dariyar take in tana sauka a kan mutum. Ya ce shi ya hau doki, shi aka yafa wa riguna, shi mata suka yi wa guɗa, in za a yi dariya a yi masa, ya ci daɗin abin sai ya ci ɗacinsa. “Amma wanga,” in ji shi, yana laluben gwiwar Baba, “mi yac ci?” Ya ce ya yi wa manoma waƙa, ya yi wa mahauta, har rowar wani mai rowa ya yi wa waƙa, amma mutumin da ya ɗauki ganga a kafaɗa ɗaya, yau kuma ya ɗauki makaho a ɗayar, shi Maigida bai taɓa kiran sunan ubansa a bainar jama’a ba.

Sai ya ce a ba Baba ganga. Baba ya rataya da sauri yana murna, a zatonsa Maigida zai huce da tsohuwar waƙa. Ya ɗaga gular kiɗa yana jira. Maigida ya gyara murya, muryar da ta dushe har tana karcewa, ya kira sunan Baba, ya kira na ubansa, ya kira na kakansa, ya kira Malisa. Hannun Baba ya tsaya a sama. A sana’arsu mutum ba ya kaɗa wa kansa take, kuma babu wani makaɗi a wurin, don haka ya sauke gular a hankali ya ɗora a cinya, waƙar ta tafi ita kaɗai babu kiɗa. Maigida ya lissafa hanyoyin da suka taka, da kogin da suka ƙetare da ganga a ka, da shekarar da aka kore su daga wani gari Baba ya kwana da yunwa ya ce ya ƙoshi. Ya kai ƙarshen baiti ya ajiye amshi, ya dakata yadda ya saba, amma ’yan amshi sun daɗe da watsewa, ba wanda ya karɓa. Ya sake ajiyewa, shiru. Sai ya juyo wajena ya ce kai mai ɗaukar muryar mutane, karɓa mana. Na buɗe baki, kuma a karon farko ban nemi muryar kowa ba, da tawa na ce, “Kai ka riƙe ni, ban hwaɗi ba.”

A baiti na gaba maƙwabta suka shigo, har da waɗanda suka yi dariya ɗazu, wata tsohuwa a bayan zana ta rangaɗa guɗa. Ni da na yi shekaru ina sayar da surutu, ban taɓa jin abin da ya kama ni kamar wannan ba. Baba yana zaune da ganga a jikinsa, hawaye na bin gemunsa suna ɗiga a kan fatar, bai share ba. Waya tana hannuna, kuma ni mutum ne da ko faɗan kaji na gani sai na ɗauka, amma ko kaɗan bai zo mini a rai in danna ba. Da Maigida ya gaji ya jingina da bishiya yana haki, ya ce a ƙarasa masa fim ɗin, yana so ya ji ko mawaƙin can ya yi hankali. Aka ƙarasa, kuma duk inda in’ina za ta fito sai in rage sautin da hannuna.

Maigida ya rasu bayan an yi girbi, Allah ya jiƙansa. Da na je ta’aziyya Baba ya ja ni gefe ya gaya mini abin da ya san ina son ji: har ya koma ga Allah wancan na farko bai shiga kunnensa ba. Na gode wa Allah, amma ban samu sauƙin da na zata ba. Mun goge tsohuwar fassarar daga kwamfutarmu, sai dai ta riga ta bar hannunmu, tana nan tana yawo daga waya zuwa waya. Sabuwar kuwa ba mai nema, wanda ya karɓa sai ya dawo ya ce wannan babu dariya, a ba shi waccan. Har yau in Baba ya ratsa kasuwar Gwandu shi kaɗai, da kafaɗa ɗaya babu kowa a kanta, akan samu yaron da zai bi shi da in’inar da ni na koya masa. Na taɓa kama wani zan mare shi, Baba ya riƙe mini hannu ya ce in ƙyale su, muddin suna kwaikwayonsa to ba su manta wanda yake dafe da kafaɗarsa a da ba.

Abin da ya sa na rubuto ke nan. Na koyi cewa akwai mutanen da ke tsaye kusa da mu a kasuwa, da tsumma a jiki da bakin da ba ya fita daidai, waɗanda in aka buɗe maka abin da ke zuciyarsu sai ka ji kunyar tsayawa kusa da su. Mutanen Koriya sun ga irinsu sun yi fim don a girmama su, ni kuma nawa yana garinmu na mai da shi abin dariya. Ina kira ga ’yan’uwana masu baki da masu waya, masu fassara da masu ɗora bidiyo: kafin ka ari murya ko tafiya ko lalurar wani don a yi maka tafi, ka tuna yana da inda zai koma ya kwana, yana da wanda ke tare masa kunne. Ni na yi sa’a wanda na cuta ya zo da zabuwa maimakon sanda. Duk da haka abin da na saka cikin wayoyin mutane ya fi ƙarfina, kuma Baba ne yake biya duk ranar kasuwa.